Direban Hardawa da Ƙafar Maigidana

A ƙarshen shekarun tamanin muna zaune a Azare, cikin wani gidan haya mai rijiya a tsakar gida. Ni ina koyarwa a firamare, maigidana kuma malamin gona ne. Dukanmu mutanen kudancin Bauchi ne, aikin gwamnati ya kawo mu ƙasar Katagum, muka zauna har muka saba da zafinta da furarta. Kullum da safe yakan ɗaure jakarsa a bayan babur ya nufi Gadau ko Itas, ya yini cikin gonaki yana nuna wa manoma yadda ake sa takin zamani da yadda ake feshin wake. Ba mai yawan magana ba ne. A cocinmu shi ne mafi ƙuruciya cikin dattawa, kuma ko a taronsu, in ji Fasto, sai an tambaye shi yake buɗe baki.

Wata ranar damina ina cikin aji, sai ga maƙwabciyarmu a bakin taga tana yafito ni. Ta ce in zo, Malam ya ɗan faɗi da babur. Na san mutanenmu, in suka sa "ɗan" a irin wannan magana to abin ba ƙarami ba ne. Ban tsaya ɗaukar jakata ba, muka kama hanyar asibiti, ina tambayarta ko yana da rai, tana ce mini in yi sauri kawai.

A ƙofar asibitin na ga wata a-kori-kura an faka ta a karkace, da buhuna a baya, jini ya ɓata na saman. Wani saurayi yana zaune a ƙasa ya jingina da taya, rigarsa duk jini, ya ɗora hannu biyu a ka. Na ɗauka shi ma rauni ya ji, na ce masa sannu, na wuce. Sai daga baya na san shi ne ya buge mijina.

Na tarar da Malam a kwance, fuskarsa ta yi fari kamar an shafa mata toka, amma idonsa biyu. Da ya gan ni ya ɗaga yatsa ɗaya. Ganin wannan yatsan ya sa na zauna daɓas a ƙasa ina cewa na gode Yesu, ban iya ƙara komai ba. Likita ya ce ƙafar dama ta karye a cinya da ƙwauri, rai dai ba ya cikin haɗari, amma ba zai yi mini alkawarin ƙafar ba sai an ga yadda jini zai zagaya. Aka rataye ta da igiya da nauyi a ƙarshen gado. Kwanakin da suka biyo baya, duk lokacin da na shigo sai na fara taɓa yatsun ƙafar kafin in gaishe shi. Ranar da na ji su da ɗumi, likita kuma ya duba ya ce ba za a yanke ba, na fita bayan ɗakin na yi kukan da na riƙe tun farko.

Da ya samu ƙarfin magana ya ba ni labari. Yana dawowa daga Gadau ne, a wata kwana amalanken shanu ya fito daga hanyar gona ya hau titi. Motar tana tahowa da gudu, direban ya kauce wa shanun, ya faɗo hannun da Malam yake. Bai gudu ba. Shi ya ɗauke shi ya kwantar a kan buhuna, ya juyo da motar ya kawo shi Azare, da ya ji an karɓe shi kuma ya kai kansa caji ofis. Can yake tsare, motar ma an riƙe ta.

A gindin wata darbejiya da ke gaban ɗakin maza na fara lura da wani tsoho, dogo siriri, da sanda da ɗan buzunsa. Kullum na zo da abincin safe yana nan. Yakan bari sai na fito, ya miƙe ya gaishe ni, ya tambayi mai jiki, ya koma ya zauna. Wata rana ya miƙo mini ƙwaryar nono da ƙwan zabi a ƙulle cikin ganye. Wata nas mai jin Fulatanci ce ta gaya mini ko shi wane ne. Mahaifin direban ne, daga Hardawa. Shanunsa ya sayar ya saya wa ɗan motar don gidan su samu abin ci ko da rani. Ya bar gonarsa a tsakiyar noma, yana kwana a zauren wani ɗan garinsu. Ban taɓa jin ya roƙe ni komai ba. Da ya roƙa, da na samu abin da zan yi masa faɗa a kai.

Ana cikin haka yayan Malam ya iso daga Bauchi. Tsohon soja ne, shi ya riƙe Malam bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi makaranta. Duk muna ce masa Yaya. Ya tsaya a kan gadon ya dubi ƙafar nan a rataye, na ga muƙamuƙinsa yana motsi. Daga ranar ya karɓi ragamar komai. Ya ce sai an je kotu, sai an biya diyya, in ta kama a sayar da motar da gonar tsohon a sayar. Hujjojinsa kuwa babu ta yarwa. Babur ya zama tarkace. Mai ƙafa irin wannan ba zai ƙara zagaya gonaki ba. Ga yara ƙanana. Ga ginin da muka tayar a ƙauyenmu yana tsaye ba rufi, damina tana cinsa. Ya ce shi ba zalunci yake nema ba, haƙƙin ɗan'uwansa yake nema, kuma doka ce ta ba shi.

Akwai wani dattijon cocinmu, mutumin kudancin ƙasar nan, mai shagon kayan gyaran mota a bakin tasha. Ya daɗe a Azare, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Shi ma ya goyi bayan Yaya, amma da wata hujjar daban. Ya ce mu ba mu da yawa a garin nan, in aka taka ɗayanmu muka yi shiru, gobe wani zai ɗauka jininmu ba shi da tsada. Ya ce yana da lauya a Kano, shi zai ɗauki nauyin kawo shi.

Ni a kaina na yarda da su. Ni ce nake auna hatsi a gidan, na san abin da ya rage. Amma tun da aka fara maganar kotu hankalina bai kwanta ba. Ina tashi in shirya yara, in kai abinci asibiti, in je makaranta, in biya caji ofis saboda Yaya ya ce a riƙa ganin fuskarmu. A can na ga matar direban. Yarinya ce, da goyo a baya, tana zaune a kan benci da kwanon tuwo a cinya tana jiran a ba ta izinin miƙa wa mijinta. Ni ma kwano ne a hannuna, wanda na ɗauko daga asibiti. Ta dube ni, na dube ta, ta sunkuyar da kai. A ranar, da na koma gida na zuba abinci, na kasa ci.

Addu'a ma ta yi mini nauyi. In muna yin Addu'ar Ubangiji da yara da safe, muka iso inda ake roƙon gafara a kan cewa mu ma muna gafartawa, bakina yakan wuce tare da nasu, zuciyata ta tsaya a wurin. Ban gaya wa kowa ba. Malam kuwa, duk lokacin da Yaya da dattijon suka zauna a bakin gadonsa suna tsara yadda za a yi, sai ya zuba wa rufin ɗakin ido. Suka ɗauki shirunsa a matsayin yarda. Ni ma haka na ɗauka.

Ranar wata Lahadi bayan sujada, Fasto ya zo asibiti da Jibin Ubangiji, kamar yadda yakan kai wa marasa lafiya. An sha jibi a coci ranar, ya ce ba zai bar Malam a baya ba. Ni da Yaya da dattijon nan muna wurin. Fasto ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan ɗan teburin gefen gado, ya ajiye gurasa da ƙoƙo, ya buɗe littafinsa. Sai Malam ya ɗora hannu a kan nasa.

"Fasto, a ɗan dakata. Ba zan iya karɓa yanzu ba."

Fasto ya tambaye shi ko jikin ne. Ya ce ba jikin ba ne. Ya ce ya kwana biyu yana kallon rufin nan yana tunani, ya ga ba zai miƙa hannu ya karɓi gafarar da bai biya komai a kanta ba, alhali ɗaya hannun yana shaƙe da wuyan ɗan mutane. Ya ce yana so a janye maganar diyya gaba ɗaya, a sako yaron.

Yaya ya miƙe tsaye. Bai ɗaga murya ba saboda sauran majinyata, amma kowace kalma da ƙarfi ta fito. Ya ce shi ma Kirista ne, tun kafin a haifi Malam yake zuwa coci, kuma bai taɓa jin inda aka ce neman haƙƙi zunubi ne ba. Ya tambaye shi ko da yafiya zai ciyar da yaransa. Dattijon ya sa baki, ya ce a yafe a zuci mana, kotu kuma ta yi aikinta, ai ba su hana juna ba.

Malam ya bari suka gama. Sannan ya ce, "Yaya, ban ce ba mu da gaskiya ba. Muna da ita. Ita ce nake so in ajiye. Kai ka raka ni rafi ranar da aka yi mini baftisma. Da aka tambaye ni ko zan bi Yesu, ba wanda ya ce mini sai a inda ba asara."

Ya ce wa dattijon kuma, mai yiwuwa wani ya iya yafewa a zuci ya ci gaba da shari'a, shi dai ya gwada a kan gadon nan ya kasa. In aka sayar da gonar tsohon aka rufa mana ɗaki da kuɗin, ba zai iya barci a ƙarƙashin rufin ba. Batun mutunci a gari kuwa, ya ce ya fi so a san mu da wannan a kan a san mu da lauya.

Daga nan ya juyo gare ni. Ban zaci zai tambaye ni a gaban Yaya ba.

"Maman yara, ke za ki fi kowa shan wahalar wannan. In kin ce a'a, zan jira har ki yarda."

Na buɗe baki da niyyar in ce a ba ni lokaci in yi tunani, sai na ji na ce, "A sake shi." Ina faɗa na ji kamar wadda ta taho daga daji da dammin itace tun safe aka sauke mata. Har wuyana na ji ya saki. Sai a lokacin na gane tun ranar da na ga yarinyar nan da kwanonta nake jiran wani ya faɗi wannan magana.

Yaya ya ɗauki hularsa ya fita. Da yamma ya hau motar Bauchi, bai yi mana sallama ba.

Malam ya ce in kira tsohon. Na same shi a gindin darbejiyarsa, na ce Baba, ana son ganinka a ciki. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya shigo ya durƙusa nesa da gadon. Malam ya gaya masa ya janye maganar diyya. Tsohon ya ce shi ya riga ya yi magana da dillali a kan motar, a bar shi ya sayar ya biya magani ko da ba kotu, don ya san abin da ɗansa ya jawo. Malam ya ce a bar motar, da ita gidansu ke ci. Abu biyu kawai yake so: yaron ya rage gudu, kuma in ya fito ya zo su gaisa. Tsohon ya share fuska da bakin rawaninsa, ya ce Allah ya biya ka, ya ƙara wasu kalmomi da Fulatanci waɗanda ban ji ba. Fasto ya naɗe ƙyallensa ya ce jibin zai jira, gobe ma rana ce.

Washegari na nemi izini a makaranta, muka tafi caji ofis ni da Fasto da tsohon, tun da mai ƙafar ba ya iya tashi. Sajan ɗin da ke riƙe da maganar ya saurare ni, ya tambaye ni ko wani ne ya matsa mana, ko an yi mana barazana. Na ce babu. Ya sake tambaya ta wata hanyar, na sake ce masa babu. Ya bayyana mana cewa laifin tuƙin ganganci na hukuma ne, ba namu ba ne da za mu yafe, sai yaron ya je gaban majistare a kansa. Amma tun da mun janye namu, za a ba da belinsa a saki motar, in akwai mazaunin gari sananne da zai tsaya masa. Nan tsohon ya rasa ta cewa, don wanda yake kwana a zaurensa shi ma baƙo ne a garin.

Fasto ya ce mu jira shi. Bai daɗe ba sai ga shi tare da dattijon nan mai shagon bakin tasha, yana tafe yana mita. Ya ce mini har yanzu yana ganin kuskure muka yi, amma tun da mai ƙafa ya yafe, shi mai ƙafa biyu lafiyayyu ba zai tsaya riƙo ba. Shi ya tsaya wa yaron.

Da aka fito da shi na ga ya rame, gashi ya cika masa kai. Matarsa tana bakin ƙofa, ta kwance goyon ta miƙa masa. Daga nan duk muka wuce asibiti a ƙafa. Yaron yana ganin ƙafar a rataye ya zube a ƙasa yana kuka yana neman gafara. Malam ba ya son a yi kuka a gabansa, duk sai ya rikice. Ya ce masa ya tashi, komai ya wuce. Da kukan ya ƙi tsayawa, sai ya shiga tambayarsa ko ruwa ya wadata a Hardawa bana, gero ya fara fitar da kai ko tukuna, wane irin wake suka shuka. Yaron yana amsawa yana jan hanci. Kafin a jima har da tsohon a cikin hirar, ana gardama a kan ko taki ya fi kyau kafin maimai ko bayansa. Majinyacin da ke gadon kusa, wanda ya ji komai tun jiya, ya juya yana dariya.

Bayan sun tafi Fasto ya sake shimfiɗa ƙyallen. Malam ya karɓa, ni ma na karɓa. Na koma gida da azahar da niyyar in ɗora tukunya, na ce bari in ɗan kishingiɗa a tabarma. Ban farka ba sai da yara suka dawo daga wasa suna girgiza ni, rana ta kusa faɗuwa. Tun ranar hatsarin ban yi barci irin wannan ba.

Ba zan ce komai ya zo da sauƙi bayan haka ba. Majistare ya ci yaron tara, ya koma kan hanyarsa. Malam ya daɗe a kwance, ya fito da sanduna, ƙafar ta warke gajeriya. Aka mayar da shi ofis yana kula da ɗakin ajiyar iri da taki, aikin da bai taɓa so ba. In damina ta faɗi nakan ga ya tsaya a ƙofar gida yana kallon hadari ta wajen Gadau. Babur ɗin a tarkace muka sayar. Ginin ƙauye ya sha ruwa har bango ɗaya ya zube, sai bayan shekaru muka tayar da shi. A coci wasu sun yaba, wasu sun ce wauta ce, wata a zumuntar mata ta ce mini da ita ce da ba ta yarda ba. Ban yi mata musu ba. Na dai san a gidanmu ana cin abinci ana barci, kuma sunan yaron nan bai taɓa zama abin ɗaci a bakin 'ya'yana ba. Tsohon yakan biyo ya gaishe mu in ya shigo Azare, har ƙarfinsa ya ƙare.

Abin da ya fi damun Malam shi ne Yaya. Ya aika masa gaisuwa ta bakin duk mai zuwa Bauchi, ba amsa. Kirsimetin farko ya wuce bai zo ba. Ana jibi Kirsimeti na biyu, ina tsakar gida ina suyar cincin, sai na ji sallama da muryar da na sani. Ga Yaya da jakarsa da zakara a hannu. Malam ya taso yana ɗingishi ya tarye shi. Yaya ya tsaya yana kallon yadda yake taka ƙafar, ya ce ya ƙara tafiya ya gani. Malam ya je bakin rijiya ya dawo.

"Har yanzu ban yarda da abin da ka yi ba," in ji Yaya.

Malam ya ce ya sani. Yaya ya miƙa mini zakaran ya ce a yanka gobe, ya ja kujera ya zauna, ya ce in ba shi cincin ɗin tun yana da zafi.